Ƙyallen iska a tekun Lome: yaushe ake ja, yaushe ake saki?

Ɗan Zongo da ya je Tashar Jirgin Ruwa ta Lome neman kaya ko mota, manyan jirage yake gani. Gabas da ita kuwa, a Gbétsogbé, akwai tashar masunta da aka buɗe a 2019 da taimakon Japan. Yawancin kwale-kwalen masunta yanzu inji gare su, amma a wannan gaɓa, daga Gana har Benin, wasu ƙanana ba su rabu da ƙyallen iska ba, wanda Faransawa ke kira voile. Mai ya yi tsada, inji kuma yakan mutu a tsakiyar teku. A wasu wurare da buhunan fulawa ake ɗinka shi, a ɗaura a jikin gora.

Iskar Lome tana da sauƙin ganewa. Mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take busowa, ta ƙara ƙarfi bayan azahar, idan ƙasa ta fi teku zafi. Ke nan masunci mai komawa gida da la'asar, iska na bayansa. Irin wannan tafiya ce aka yi wa sifinaka, ko spi a Faransanci, babban ƙyallen nailan marar nauyi da ke kumbura kamar balan-balan a goshin jiragen tsere. Masu gasar Route du Rhum, da ake yi daga Saint-Malo zuwa Guadeloupe tun 1978, sun san shi sarai. Ƙyallen buhu da na nailan ba tsara ba ne, sai dai dokar iska a kansu ɗaya ce.

Kuskuren sabon shiga shi ne ja. Gani yake idan igiya ta yi tauri jirgi zai fi gudu, alhali ƙyallen da aka matse ya shaƙe, iska ba ta ratsa bayansa, sai ya karkatar da jirgi gefe maimakon ya tura shi gaba. Gwani yakan riƙa sassauta igiyar a hankali har gefen ƙyallen da ke fuskantar iska ya fara naɗewa, sannan ya ɗan ja. Haka zai yi ta yi, saki da ja, idonsa a sama, ba ya ƙulle igiyar. Sandar da ke tokare kusurwa ɗaya kuma ana daidaita ta har kusurwoyin ƙasa biyu su zama kai ɗaya.

Idan iska ta yi sanyi, kamar wasu safiyoyin hunturu masu hazo, ƙyallen yakan yi laƙwas. Sai a sauke sandar ƙasa kaɗan, a karkata jirgin ya ɗan yanki iska, mutanen ciki su daina motsi barkatai.

Inda ake asarar rai shi ne iska mai ƙarfi. Idan gudunta ya ninka sau biyu, nauyinta a kan ƙyalle sau huɗu yake ninkawa. A nan ƙyalle mai babban ciki abin tsoro ne, domin yakan yi ta lilo hagu da dama, jirgin na binsa. Sai a danne kusurwoyinsa ƙasa, a ja igiya fiye da ɗazu don ya tsaya wuri ɗaya. Idan duk da haka jirgi ya fara kwanciya, igiyar gefen da iska ke fita ake saki gaba ɗaya, ba ta sanda ba. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itace guda ba shi da nauyin ƙarfe a ƙarƙashi kamar jirgin tsere, saboda haka kifewarsa ba ta da wuya.

Daga Maris zuwa Yuni, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, kishiyar iskar da aka saba. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, babu sauran gyaran igiya: a sauke ƙyalle, a naɗe, a ɗaure shi kafin guguwar ta iso.