Bishiyar Sokotra Mai Jan Ƙaro

A Tekun Indiya, kimanin kilomita 240 gabas da gaɓar Somaliya, akwai tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman. Miliyoyin shekaru ke nan da ya ɓalle daga babban yankin ƙasa, halittunsa suka rayu a keɓe. Shi ya sa kashi 37 cikin ɗari na nau'o'in tsirransa 825 ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. A 2008 UNESCO ta saka rukunin tsibiran Sokotra cikin jerin wuraren gadon duniya.

A cikin tsirran nan, bishiyar da ta fi jan ido ita ce Dracaena cinnabari, mai kai kamar laima. In aka sare ta, jan ƙaro take zubarwa, kuma ganyenta na tatsar ruwa daga hazon duwatsu.

Abin damuwar shi ne, masana na Jami'ar Mendel ta ƙasar Cek sun gano cewa yawancin bishiyoyin sun tsufa, ƙanana kuwa awaki ke cinyewa. Guguwar Chapala da ta Megh a 2015 sun tumɓuke da dama. Yanzu mutanen tsibirin na renon sababbin dashe cikin shinge, nesa da bakin akuya.