Masu Cin Riba Idan Hannun Jari Ya Faɗi

A kasuwar hannun jari akwai waɗanda ribarsu ke zuwa daga faɗuwar kamfani. Mutum zai ari hannun jari a wurin dillali, ya sayar a dala 100, sannan ya zauna jira. In farashi ya sauko 60, sai ya saya ya mayar wa mai shi, ragowar 40 ta zama tasa bayan ya cire ladar aro. In kuwa farashin ya yi sama, asarar ba ta da iyaka, domin ko nawa ya kai dole ya saya ya biya. Malaman Musulunci da dama ba su halatta cinikin ba, tunda sayar da abin da ba a mallaka ba ne, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce.

To me ya sa cinikin ya ƙi mutuwa? Domin kamfanoni na yin ƙarya, masu duba lissafinsu kuma na yin sakaci. Kamfanin Wirecard na Jamus ya isa misali. Shekara da shekaru masu wannan ciniki da jaridar Financial Times suna cewa akwai lauje cikin naɗi a lissafinsa. Maimakon ta tsananta bincike a kan kamfanin, hukumar BaFin mai sa ido kan harkokin kuɗi a Jamus ta haramta cinikin faɗuwar hannun jarinsa na wata biyu a Fabrairun 2019, har ta kai ƙarar 'yan jaridar. A Yunin 2020 aka nemi Yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littattafansa aka rasa, kamfanin ya durƙushe, masu ƙaramin jarin da suka amince da hukumar suka tashi a tutar babu.

Masu cinikin su ma suna ƙonewa. A Janairun 2021 ƙananan masu zuba jari a Amurka suka yi wa hannun jarin kamfanin GameStop rubdugun saye, farashinsa ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa 483. Kamfanin zuba jari na Melvin Capital, wanda ya yi cinikin faɗuwar hannun jarin GameStop, ya rasa kashi 53 cikin 100 na jarinsa a wannan watan, ya rufe a 2022.

Abin tsoro na gaskiya shi ne mai yaɗa jita-jita don ya karya farashi da gangan, kuma a ganina shi ya kamata doka ta bi. Haramcin da BaFin ta yi bai kare kowa ba. Ya ƙara wa Wirecard lokacin tara kuɗin jama'a ne kawai.