Jirgin Da Ruwa Ke Ja A Gaɓar Tekun Ingila

A lardin Devon, can kudu maso yammacin Ingila, akwai waɗansu garuruwa biyu maƙwabtan juna. Lynmouth tana ƙasa, bakin teku. Lynton kuwa tana bisa dutse, ta ɗara 'yar'uwarta tudu da ƙafa 500. A zamanin da, gawayi da kayan gini da sauran abin masarufi ta teku suke zuwa, a sauke su a Lynmouth, sa'an nan dawaki su hau da su. Hanyar ta faye tsayuwa, har dokin da aka sa wannan aiki ba ya daɗewa yake gajiyawa. Baƙi masu zuwa shan iska su ma sun sha wuyar hawan.

A 1887 aka fara sarar dutsen domin a shimfiɗa dogo. George Newnes, wani attajiri mai buga mujallu a Landan, shi ya ba da mafi yawan kuɗin. George Croydon Marks ne injiniyan, Bob Jones kuma, wani magini ɗan wurin, ya tsaya kan aikin. A 1888 Majalisar Dokokin Ingila ta ba kamfanin izinin ɗibar ruwa daga kogin West Lyn har abada. A watan Afrilu na 1890 aka buɗe hanya. Tsawonta ƙafa 862 ne kacal, amma cikin wannan ɗan taƙi ta hau ƙafa 500 ɗin nan duka.

To, ga yadda jirgin ke tafiya. Taragu biyu ne, kowanne na ɗaukar mutum 40, an haɗa su da igiyoyin ƙarfe waɗanda suka zagaya wata babbar ƙafa mai juyawa a tashar sama. In ɗaya na sauka, tilas ɗayan ya hau, kamar guga biyu a bakin igiya ɗaya. Ƙarƙashin kowane tarago akwai tanki mai cin galan 700. Galan ɗaya na ruwa laba goma ne, watau cikakken tanki laba 7,000 ke nan, fiye da tan uku. Ruwan yana gangarowa da kansa cikin bututu daga kogin, tafiyar fiye da mil guda, a tara shi a sama. Sai a cika tankin taragon da ke sama. Direban na ƙasa kuma ya buɗe nasa, ya yi ta zubarwa har na sama ya rinjaye shi, nan take jirgi ya motsa. Babu inji, babu mai, babu gawayi. Ruwan da aka zubar ya wuce teku, inda dā ma can ya nufa.

Wanda ya ji haka zai tambaya, me ke hana tarago kuɓucewa? Nan ne masu ginin suka fi zuba hikima. Birkin nasu kullum a kame yake da dogo. Direba ne ke murɗa wata ƙafa ya sake shi, ya kuma riƙe ta muddin ana tafiya. In ya suma ko hannunsa ya zame, birki ya koma ya damƙe, jirgi ya tsaya cik.

Gina irin wannan abu aikin shekara uku ne, amma riƙonsa aikin kowace shekara ne. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, ruwan sama yana kwance duwatsun gefen hanya. Saboda haka in hunturu ya shigo baƙi suka ragu, sai a rufe jirgin, a duba igiyoyi, a kwance birki a gwada, a sake abin da ya ci. A 1952 ambaliya ta auka wa Lynmouth cikin dare, mutum 34 suka halaka a yankin, amma jirgin ya tsira. A 2018 ƙasa ta zabtaro kan dogon, aka dakatar da tafiya sai da aka kwashe, aka ɗaure gefen dutsen.

Akwai 'yan'uwansa a wasu wurare, labarinsu kuwa abin lura ne. Na Saltburn, a arewa maso gabas, an buɗe shi a 1884. Shi ruwansa ba a zubarwa, famfo ke mai da shi sama a sake aiki da shi. An yi masa babban gyara, aka sake buɗe shi a 2018. Na Folkestone, wanda ya fara aiki a 1885, an rufe shi a 2017, gama masu duba lafiyar injuna sun ce lalle a ƙara masa birki na biyu, kuɗin yin haka kuwa babu a hannu. Da aka rufe sai tsatsa ta sami gida. Mutanen gari suka kafa ƙungiya suka shiga neman taimako, sai a 2023 asusun adana kayan tarihi na ƙasar ya ba su fam miliyan 4.8. Gyaran da aka jinkirta ya komo da tsada ninkin ba ninkin.

Muna roƙon malamai su gwada wa yara wannan a aji. Gwangwani biyu, da zare, da sanda mai santsi a gicciye sun isa. A sa tsakuwa cikin ɗaya, a yi ta ɗura ruwa a ɗayan da cokali, yara na ƙirgawa, har tsakuwar ta tashi. Akawuna kuwa masu tsara kasafin shekara, in sun zo kan layin kuɗin gyaran famfo ko gada ko rufin makaranta, su tuna da Folkestone kafin su soke shi.