Matsayin Jallabiya a Alƙahira

Bahaushen malamin da ya je koyarwa Alƙahira zai tarar cewa jallabiya, wadda mu a nan muke ɗauka tufar ustazai ce, ba ta da wannan daraja a jami'o'in Masar. A can tufa ce ta manoma da mutanen Sa'id, wato kudancin ƙasar, ko kuwa ta zaman gida. Malaman jami'a kwat suke sawa. Hatta lafazinta ya bambanta, domin mutanen Alƙahira suna furta harafin jim kamar "g", sai su ce gallabiyya. Shigar malanta kuwa tana wajen shaihunan Azhar: jabba da kaftani, kalmomin da Hausa ta aro tun tuni ta hanyar Larabci, sannan jar dara naɗe da farin rawani.