Hanyar Gwanja: Turbar Da Fatake Suka Taka Daga Kano Zuwa Salga

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Shagamu ko Badun ko Agege ya sha jin Yarbawa suna kiran goron nan da muke ci da sunan "gbanja". Kalmar ba ta Yarbanci ba ce tun asali. Sunan ƙasar Gwanja ne, wadda ke arewacin Gana, inda kakanninmu suka riƙa zuwa da ƙafa sayen goro tun ba a san mota ko jirgin ƙasa ba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Ba wani sarki da ya sa aka share ta ko aka kafa mata alamu. Sawun mutane da kofaton jakuna ne suka fid da ita. Amma ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan jihadin 1804, lokacin da garuruwan ƙasar Hausa suka cika, masu cin goro suka yawaita.

Tsakanin Kano da Salga, babbar kasuwar Gwanja, ya fi mil 600. Hanyar kuwa ba ɗaya ba ce. Waɗansu ayarori sukan bi ta Yawuri ko Busa su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Niki da Jugu, sa'an nan su faɗa Yandi, daga nan sai Salga. Waɗansu kuma sukan yi arewa ta Jega, su bi ƙasar Gurma su ɓullo Sansanin Mango. Yaƙi da tsadar kuɗin fito su ne ke sa madugu ya zaɓi wannan ya bar waccan. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen 'yan fashi, saboda haka ba mai tunkarar ta shi kaɗai. Bature Kilafatan ya ci karo da wani ayarin Hausawa a Kayama cikin 1826 yana komowa daga Gwanja, ya ce mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin ma kamar haka.

Ayari gari ne guda mai tafiya. Madugu shi ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya kafin a wuce. Jagaba yana gaba, uban dawaki kuwa shi ke tara kuɗin da za a biya, akwai kuma malami mai addu'a da rubuta lissafi. Da rani ake tashi, domin da damina rafuka sukan cika. A ɗaura kaya tun da asuba, a yada zango kafin rana ta yi zafi, mata su ɗora girki, a saki jakuna kiwo. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Sukan tafi da kanwa da turkuɗi da kayan fata da gabu, har da bayi, abin da masu yabon zamanin da ba su cika son ambata ba.

Abin mamaki, ƙasar Gwanja kanta ba ta noman goro. Daga kurmin Asante, watau Tonawa, ake kawo shi, sarakunan Kumasi kuwa ba su yarda fatake su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai su tsaya a Salga. Wahalar gaske a komowa take. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska. Dole a naɗe shi cikin ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a tsince wanda ya yi tsutsa kada ya ɓata sauran. Falken da ya yi sakaci sai ya iso Kurmi da asara bayan tafiyar wata da watanni.

A duk inda ayari ya saba sauka, sai wani Bahaushe ya zauna ya zama mai masauki: ya ba baƙi ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya samo musu dillali, ya tsaya musu in an ci bashi. Ta haka unguwannin Hausawa suka tsiro a kan hanyar, shi ya sa har yau unguwar baƙi Musulmi a Gana ake ce mata Zongo.

Faɗuwar hanyar ta zo da sauri. Cikin 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salga ta fita daga hannun Asante, goro ya daina zuwa mata kamar da. Yaƙin basasa na 1892 ya watse garin, 'yan kasuwa suka koma Kete-Karachi da waɗansu wurare, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sakunde cikin 1903, ya isa Kano cikin 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Tafiyar wata uku ta koma ta 'yan makonni, jaki bai iya wannan tsere ba.

Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka shiga shuka irin goron Gwanja a wajejen Agege da Ota da Shagamu, har ya zama ba sai an je Gana ba. Masu masauki da dillalai suka biyo goron, aka kafa Sabo ta Badun cikin 1916. Tsarin da aka zo da shi shi ne dai na zangon Jugu da na Salga: baƙo ya sauka wurin maigidansa, a auna masa goro ƙwarya-ƙwarya, a ɗaure huhu, sai dai yanzu mota ke jira a ƙofar gida.