Ɗa a Zaune a Ƙarshen Ciki: Kalmomi, Al'ada da Lokacin Yanke Shawara

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mace da tsohon ciki, addu'ar da yakan yi mata ita ce, "Allah ya raba lafiya." Addu'ar nan ta ƙunshi sanin cewa rayuka biyu ne a haɗe, kuma rabuwarsu ba kullum take zuwa da sauƙi ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan sa rabuwar ta yi wuya shi ne irin kwanciyar da ɗa ya yi a mahaifa sa'ad da watan haihuwa ya kama. Galibin 'ya'ya sukan juya da kansu, kai ƙasa, amma akwai waɗanda kan zauna daram, kai sama, ɗuwawu ko ƙafa ƙasa. Wannan maƙala za ta duba kalmomin da ake faɗar wannan hali da su, da dalilin da ya sa ake tsoronsa, da hanyoyi uku da ake bi a kansa. Abin da take son nunawa shi ne, shawarar hanyar da za a bi tana da lokacinta, watau makonni uku ko huɗu na ƙarshen ciki, kuma gidan da ya bari naƙuda ta kama kafin ya yi shawara, to ya iske an riga an yanke masa.

2.0 Kalmomin Kwanciyar Ɗa

A bakin mata da ma'aikatan awo akan ji maganganu uku. Akan ce ɗa yana zaune, ko ya zo da ƙafa, ko kuwa yana gicciye. Sau da yawa akan dunƙule su duka a ce "kwanciyarsa ba daidai ba ce", alhali kuwa hukuncinsu ya bambanta ƙwarai.

Ɗan da yake zaune iri biyu ne. Akwai wanda ya miƙe ƙafafunsa sama har suna taɓa fuskarsa, ɗuwawu kaɗai ne a ƙasa, kuma shi ne ya fi yawa, musamman a cikin fari. Akwai kuma wanda ya tanƙwashe ƙafafu kamar mai zaman cin tuwo. Wanda ya zo da ƙafa kuwa shi ne wanda ƙafarsa ɗaya ko duka biyu suka sauko ƙasa da ɗuwawunsa. Shi kuwa na gicciye ya kwanta ne daga wannan kwiɓi na uwa zuwa wancan, kafaɗa ko hannu ke kallon hanya. Na zaune yana iya fitowa ta hanyar da aka saba idan sharuɗɗa sun cika. Cikakken ɗa na gicciye ba ya fitowa a haka, sai an juya shi ko an yi tiyata. Ke nan duk wanda aka gaya wa cewa kwanciya ba daidai ba ce, tambayarsa ta farko ita ce, wace iri?

Yadda ɗa ya fito duniya abu ne da al'ummomi da dama suke adanawa a cikin suna. Hausawa sukan kira wanda aka haifa lulluɓe da riga Mairiga. Yarbawa suna kiran wanda ya zo da ƙafa Ige. Marubucin nan na Rum, Pliny, ya faɗa tun a ƙarni na farko cewa sunan Agrippa na waɗanda aka haifa ta ƙafa ne. Wannan ya nuna tun tuni mutane suka lura cewa irin wannan haihuwa daban take.

3.0 Yawan Aukuwa da Dalilai

A mako na 28 na ciki, kusan ɗa ɗaya cikin biyar yana zaune ne, kuma ba abin damuwa ba ne, domin akwai fili da ruwa isasshe da zai juya. Yayin da ya ƙara girma sai filin ya ragu, kai ya sauka ƙasa. Idan ciki ya cika, waɗanda suka rage a zaune ba su wuce 3 zuwa 4 cikin ɗari ba. Bayan mako na 36 juyawa da kai takan yi wuya. Ga mai cikin fari, kimanin 8 cikin ɗari ne kawai ɗansu yake juyawa bayan wannan lokaci.

Daga cikin dalilan da kan hana juyawa akwai yawan ruwan mahaifa ko ƙarancinsa, da ƙari a mahaifa, da mahaifar da halittarta ta zo da shamaki a tsaka, da mabiyiya da ta sauko ta tare bakin mahaifa, da cikin tagwaye. Haihuwar bakwaini ma takan zo da ɗa a zaune, don naƙuda ta riga lokacin juyawa. Amma a yawancin mata ba a samun wani dalili ko kaɗan. Ba aikin da uwa ta yi ne ya jawo ba, ba kuwa irin kwanciyarta ko abincinta ba, saboda haka ɗora mata laifi zalunci ne.

4.0 Inda Hatsarin Yake

Kai shi ne mafi girma da tauri a jikin jariri. A haihuwar da aka saba, kai ne ke gaba, yana ɗaukar sa'o'i yana matsuwa yana daidaita da ƙugun uwa, idan ya wuce kuwa sauran jiki sai ya biyo a sauƙaƙe. Idan ɗa ya zo a zaune, sai tsarin ya juye. Jiki mai laushi ya fito, kai ya rage a ƙarshe, kuma ba shi da sa'o'in nan, 'yan mintoci ne kurum. Dalili shi ne, da zarar cibiya ta bayyana, igiyarta tana matse tsakanin kan ɗa da ƙashin uwa, jinin da ke kai masa iska yana raguwa, shi kuwa hancinsa bai fito ba balle ya shaƙa.

Akwai hatsari na biyu ga wanda ya zo da ƙafa. Ƙafa ba ta toshe bakin mahaifa kamar yadda kai ko ɗuwawu suke yi, don haka idan faya ta fashe igiyar cibiya tana iya zubowa gaba. Hatsari na uku daga hannun mai taimako yake fitowa. Duk wanda ya ga ƙafafu a waje, zuciyarsa za ta ce ya ja. Ja kuwa shi ke sa hannuwan ɗa su miƙe sama su maƙale, haɓa ta ɗaga, kai ya kafe. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa masu karɓar haihuwa ita ce kada a ja, a bar nauyin ɗa da nishin uwa su yi aikinsu, hannu ya shiga ne kawai inda aka sami tsaiko, kuma ta dabarun da aka koya.

5.0 Hanyoyi Uku

5.1 Juya ɗa ta bayan ciki. Likita ko ƙwararriyar ungozomar asibiti takan ɗora hannuwa a kan ciki, ta ɗaga ɗuwawun ɗa daga ƙugu, ta lallaɓa kansa ƙasa har ya kifa. Ana yin haka daga mako na 36 ga mai cikin fari, daga mako na 37 ga wadda ta taɓa haihuwa, galibi bayan an ba da maganin da ke sassauta mahaifa. Ana dacewa a kusan rabin mata, kimanin 40 cikin ɗari ga masu cikin fari, 60 cikin ɗari ga sauran, kuma ɗan da ya juya da wuya ya koma. A kusan mace ɗaya cikin 200 bugun zuciyar ɗa yakan rikice ko jini ya ɓalle, har a bukaci tiyata nan take. Saboda haka ba a yin sa sai inda ɗakin tiyata yake a shirye, kuma matsa ciki a gida da sunan gyara kwanciya ganganci ne. Ba a yin sa ga mai zubar jini, ko wadda faya ta fashe mata, ko wadda mabiyiya ta tare hanya.

5.2 Tiyatar da aka shirya. Akan sa rana, galibi daga mako na 39. A shekarar 2000 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani babban gwaji da Mary Hannah ta Toronto a Kanada ta jagoranta, wanda ya ƙunshi mata 2,088 a asibitoci 121 na ƙasashe 26. An sami mutuwa ko mummunar jigata a jarirai kashi 1.6 cikin ɗari na waɗanda aka shirya wa tiyata, da kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka shirya wa haihuwa da kansu. Cikin 'yan shekaru asibitoci da yawa a duniya suka koma tiyata ɗungurungum, ƙwarewar karɓar ɗa a zaune kuwa ta yi ta raguwa.

5.3 Haihuwa ta hanyar da aka saba. Magana ba ta tsaya a nan ba. Da aka bibiyi yaran wancan gwaji bayan sun shekara biyu, rahoton 2004 bai nuna bambanci ba tsakanin ɓangarorin biyu wajen mutuwa ko jinkirin girman ƙwaƙwalwa. A 2006 kuma wani nazari a kan mata fiye da 8,000 a Faransa da Beljiyam ya nuna cewa inda ake tantance mata da kyau, kuma ƙwararru na nan, sakamakon hanyoyin biyu ya yi kusa da juna. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta taƙaita lissafin a 2017 kamar haka: mutuwar jariri kimanin 1 cikin 2,000 ce a tiyatar da aka shirya, 1 cikin 1,000 a haihuwar da kai ke gaba, 2 cikin 1,000 a haihuwar ɗa a zaune. Sharuɗɗan su ne kada ɗa ya zo da ƙafa, kada ya cika girma ko ƙanƙanta, kada wuyansa ya lanƙwasa baya, naƙuda ta tafi daidai, ƙwararre na tsaye, ɗakin tiyata na kusa. Duk da haka, kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka fara wannan hanya da tiyata suke ƙarewa.

Wani abin lura ga masu nazarin al'ada shi ne durƙuso. Bahaushe idan ya ce mace tana kan gwiwa, naƙuda yake nufi, domin a durƙushe aka gaji haihuwa. Rahoton da Frank Louwen da abokan aikinsa na birnin Frankfurt a Jamus suka buga a 2017 ya nuna cewa matan da suka haifi ɗa a zaune suna kan gwiwa ko a tsaye sun fi saurin sauka, kuma an fi ƙarancin sa musu hannu, a kan waɗanda aka kwantar rigingine. Sai dai a asibiti aka yi haka, gaban ƙwararru.

6.0 Auna Shawara a Ƙasar Hausa

Alƙaluman Ingila ba a ɗauko su a ɗora a kan kowace ƙasa yadda suke. Abubuwa uku ne ke canza nauyin ma'auni a nan.

Na farko, tiyata ita kanta. Wani nazari da aka buga a 2019 a kan asibitocin ƙasashen Afirka 22 ya sami cewa mata fiye da 5 cikin 1,000 suna rasuwa bayan tiyatar haihuwa, watau kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, yawanci saboda zubar jini da matsalar maganin sa barci. Na biyu, tabo. Binciken lafiyar iyali na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaici, kuma haihuwa 16 cikin ɗari ce kawai aka yi a asibiti. Mahaifar da aka yanka a haihuwar fari za ta ɗauki ciki biyar ko shida a bayansa, kuma kowace naƙuda da aka yi a ɗaka da wannan tabo tana iya fasa ta. A guji haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Wannan ya sa juya ɗa tun da wuri yake da daraja a nan fiye da ƙasashen da mace ke haihuwar ɗaya ko biyu.

Na uku, wanda ya fi su duka, rashin sani. Binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya a kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979 ya nuna cewa mutuwar uwa da ɗa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci. Al'adar kunya, musamman a cikin fari, tana sa yarinya ta ɓoye naƙudarta ta yi ta dauriya, ungozomar gargajiya kuwa sau da yawa sai bayan ɗa ya faɗo ake kiranta don yanke cibiya. A irin wannan tsari, ranar da ƙafa ta leƙo ita ce ranar da gida zai san kwanciyar ɗa, a lokacin da hanya ta farko da ta biyu sun wuce, ta uku kuwa babu sharuɗɗanta. Ko a awon ma, lalube da hannu yakan kuskure kusan uku cikin goma na irin wannan kwanciya, don haka hoton ciki a mako na 36 ke raba gardama idan an yi shakka.

Goyon ciki, watau komawar mai cikin fari gidan iyayenta a watannin ƙarshe, ya faɗo daidai lokacin wannan shawara. Yana da kyau a tafi da katin awo, a ci gaba da awon a can, kuma miji ya bar izininsa a faɗe tun kafin ranar, tare da tanadin kuɗi da mota da mai ba da jini, don kada a tsaya neman maigida a kasuwa alhali mintoci ake ƙirgawa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "kwanciya ba daidai ba" magana ce da ta rufe halaye daban-daban, kuma malamai da masu fassarar littattafan kiwon lafiya za su taimaka idan suka riƙa bambanta zaune, da ƙafa, da gicciye. An kuma ga cewa babu hanya ɗaya da ta dace da kowace mace. Tsarin da hujjoji suka fi ƙarfafawa shi ne a tabbatar da kwanciya a mako na 36, a gwada juyawa inda babu abin da ya hana, idan bai yiwu ba a zauna da likita a auna tiyata da haihuwa, ana duba irin zaman ɗa, da ƙwarewar da ke asibitin, da 'ya'yan da ake fatan samu nan gaba. Mai cikin ita ce za a yanka ko za ta durƙusa, saboda haka da ita za a yi shawarar, cikin harshen da take ji. Kowace hanya aka zaɓa, ɗa a zaune ba na haihuwar ɗaka ba ne.