'Yar Jaka a Madadin Babban Hanji

Idan gyambo ya cinye babban hanji, likitoci kan cire shi, su lanƙwasa ƙarshen ƙaramin hanji ya zama 'yar jaka, su haɗa ta da dubura. Parks da Nicholls suka fito da wannan dabara a Landan a 1978.

Jakar tana tara kashi, amma fa ba ta tsotse ruwa kamar babban hanji. Saboda haka mai ita kan zagaya kamar sau shida a yini. Mutumin Ƙofar Kuyambana da aka yi wa aikin, in bazarar Zariya ta kankama, tilas ya yawaita shan ruwan gishiri da sukari. Matsalar da ta fi yawa ita ce kumburin jakar, mai zuwa da zawo da murɗar ciki. Mata kuwa, tabon tiyatar kan rage musu haihuwa.